Kaka Za Ta Kwana a Mina

Gidanmu ne ya fara yin talabijin a ƙauyenmu, tun kafin a kawo na nadi, wato zauren taruwar 'yan gari, wanda ake tayarwa da batirin mota. In na faɗi haka jikokina sai su fashe da dariya, su ce Haboba, haka suke kirana, ta fara ruɗewa. Su yi ta yi. Namu bai fi sabulun wanka girma ba, ja ne, na roba, da ɗan rami a bayansa inda ake kafa ido, da ɗan madanni a ƙasa. Ka ɗaga shi wajen haske ka runtse ido ɗaya, sai ga Ka'aba a gabanka, mutane cikin fararen kaya sun kewaye ta. Ka danna, ya ce ƙas, sai ga Safa da Marwa. Ka ƙara dannawa, ga tantunan Mina, ga dutsen Arfa, ga wurin jifa, ga koriyar ƙubbar Madina, daga nan ya sake maido ka Ka'aba. Kawu ne ya kawo shi tsaraba shekarar da ya sauke farali, a farkon shekarun saba'in, lokacin ina budurwa.

Abin da ya tuno mini da shi kwanan nan wani jikana ne. Na zauna ina kallonsa yana wasa a wayar uwarsa, irin wasan nan na jera abubuwa masu launi. Sauran yara in sun faɗi sai su yi tsaki su ci gaba. Shi kuwa ko ya ci sai ya goge ya koma farko, wai bai yi daidai ba, hawaye na zuba amma babban yatsansa bai tsaya ba. Uwar ta miƙa hannu za ta fizge wayar, na ce mata kul. Na san wannan yatsan. Na taɓa zama gida ɗaya da mai irinsa.

Ƙauyenmu yana kudu da garin Hajj Abdalla, a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Kakanninmu ba zama suka zo yi ba. Daga yamma suka taso da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a nan yankin Jazira, suka ce bari a yi cirar auduga ɗaya a ƙara gaba. Cirar nan ɗaya ce har yau ba a gama ba. Kaka, mahaifiyar Baba, tana yarinya aka iso da ita. Nan ta girma, nan ta yi aure, nan ta binne mijinta, ko teku ba ta taɓa gani ba. Amma ka tambaye ta ina ne garinsu, sai ta ce ita matafiya ce, hutawa take yi. Tana da wani farin yadi a ƙasan akwatinta, takan ce ko na zuwa Makka ne ko likkafani, duk wanda ya riga zuwa shi ke da shi.

Sai kuma ƙanena, autan gidanmu, wanda kowa ke ce wa Auta. Lokacin bai kai shekara goma ba. Yaro ne shiru-shiru, mai manyan idanu, kuma tun yana ƙarami yana da wasu halaye. In aka ce ya rufe garken awaki, zai rufe, ya taho, ya koma ya taɓa igiyar, ya taho, ya sake komawa. In ya zauna alwala sai ya ga bayan buta. Ni kuwa da nake ɗauko ruwan a ka tun daga tur'a, ba na raga masa.

"Kai Auta, wanka kake yi ko alwala? Ni jakarka ce?"

Sai ya ɗago ya dube ni kamar zai yi kuka, ya ce, "Yaya, ban tabbata gwiwar hannun ta jiƙa ba."

Inna takan ce in ƙyale shi, tsabta ce. Ni dai na san tsabtar nan a wuyana take ƙarewa.

Ranar da Kawu ya ba shi jan akwatin nan, gidanmu ya cika. Yara suka yi layi har ƙofar gida, manya ma suka zo da dabara, wai sun zo yi wa Alhaji barka da sauka, alhali leƙen ramin nan ya kawo su. Da aka miƙa wa Kaka, ta goge hannu a zaninta, ta yi bisimilla, ta kafa ido. Ta juya shi, ta canja ido, ta matsa bakin rumfa inda haske ya fi. Yanar ido ta riga ta ci ƙarfinta. Ta daɗe tana ƙoƙari, sannan ta sauke shi a hankali ta ce hazo kawai take gani. Ban taɓa ganin fuskar Kaka ta faɗi irin ta ranar ba.

Ta jawo Auta jikinta. Ita da shi akwai wasan jika da kaka, ango take ce masa, kuma Hausarta irin ta mutanen yamma ce, ba ta gauraya da Larabci kamar tamu ba.

"Angona, ara mini idonka. Duba ka hwaɗa mini mi kaka gani."

Auta ya kafa ido ya fara ba ta labari. Ya gaya mata baƙin mayafin Ka'aba da zanen zinariya a samansa, da wani tsoho a gefen hoton wanda ya ɗaga hannuwa sama, da tattabaru a ƙasa. Ita kuma ta rufe idanu tana gyaɗa kai, tana cewa, "To, mu tahi gaba." Ya danna. Haka ya kai ta Safa da Marwa, ya kai ta Mina, ya hau da ita Arfa, ya tsaya da ita a Madina, ya dawo da ita Ka'aba. Da suka gama ta share hawaye ta ce yau angonta ya kai ta inda ubanta bai kai ta ba. Wallahi har yanzu in na tuna yammacin nan sai in ji ƙanshin jabana, gahawar da Inna ke dafawa a gefe, in ji ina ma a ce in koma in zauna a bakin tabarmar nan ko sau ɗaya.

Kwanaki suka wuce, ɗoki ya sake kowa, yaran unguwa suka koma wasansu. Auta ne kawai bai sake ba. Da asuba yana hannunsa, da rana yana hannunsa, magariba ta yi haske ya ƙare sai ya matsa kusa da fitila. Ƙas, ƙas, ƙas, har sautin ya zama kamar na ƙwaro a cikin gida. Na lura ba kallo yake yi ba. Zagayawa yake yi daga Ka'aba zuwa Ka'aba, kuma in wani ya yi tari, ko akuya ta yi kuka, ko ya ƙifta ido a tsakiya, sai ya koma farko. Ya kuma ɗora wa kansa cewa ba ya taɓa shi sai da alwala, alwalar Auta kuwa na riga na faɗi yadda take.

Da a ce ƙwallo ce ko wata motar gwangwani, da tun ranar farko Baba ya raba shi da ita. To amma wa zai fizge Ɗakin Allah daga hannun yaro? A garin da kowane tsoho ya kwana da begen Makka ya tashi da shi? Mata suka riƙa shigowa suna cewa masha Allah, wannan yaro da alama an yi masa kira. Dattawa a ƙofar masallaci suna shafa kansa suna cewa ya sa su a addu'a. Inna ta riƙa jin daɗi a ranta, ba ta faɗi amma ana gani. Ni kaɗai nake cewa yaron nan fa ba ya cin abinci, sai a ce mini bakina ya cika yawa. To, bakina da yawa, na yarda, amma kisrarsa, gurasarmu ta dawa, a kwano take bushewa, ni nake zuba wa kaji.

Kafin a fara cirar auduga idonsa na dama ya yi ja ya kumbura, ya koma kafa na hagu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Malamin makaranta ya aiko a gaya wa Baba cewa yaro yana zuwa a makare, in ya zo kuma hannunsa na cikin aljihu, hankalinsa ba ya aji. Ranar Baba ya dawo daga hawasha, gonar audugar da yake nomawa, ƙafafunsa duk taɓo, ya tarar da Auta a tsaye tsakar gida cikin rana da abin a ido. Ya kira shi, bai amsa ba. Ya sake kira. Auta ya ɗaga hannu ɗaya alamar a jira shi. Baba mutum ne mai haƙuri, amma ba a ɗaga masa hannu. Ya taka ya zare abin daga hannunsa, ya jefa cikin akwatin ƙarfe, ya datse da kwaɗo, ya sa mabuɗin a aljihu.

Ihun da yaron nan ya yi, maƙwabta sun ɗauka kunama ce. Ya faɗi yana birgima yana roƙon a bar shi ya danna sau biyu kawai, sau biyu, don Allah don Annabi. Baba ya ce halas, an gama. Muka ce zai yi kukansa ya manta.

Ina! Abin sai ya koma cikin hannunsa. Ya riƙa danna babban yatsa a kan manuni, yana yin ƙas ɗin da harshe, idanunsa a rufe. A wurin cin abinci yana yi, a kan hanya yana yi, har fatar yatsan ta tsage tana jini. Wata rana na tafi da shi tur'a ɗaukar ruwa, don in raba shi da idon mutane. Na ajiye tulu na kama hannun nan na riƙe gam.

"Yau sai ka gaya mini. Mene ne haka? Haukacewa kake so ka yi?"

Ya yi ta kokawar ƙwace hannun, da ya ga ba zan saki ba sai ya fashe da kuka.

"Yaya, Baba ya rufe ta a wurin jifa. Ban kai ta Ka'aba ba."

"Wa?"

"Kaka. In na bar ta a hanya mutuwa za ta yi. Dole in kai ta, kuma in kai ta daidai, ba kuskure. Tunda an rufe, shi ne nake yi mata da hannu."

Na ce, "Kai, wa ya gaya maka wannan shirmen?"

Ya ce, "Ba kowa. Na san shirme ne, Yaya. Na sani. Amma in ban yi ba, sai abin ya riƙa cewa to in gaskiya ne fa?"

Duk gari na cewa yaro yana begen Makka, ashe shi ran kakarsa yake ɗauke da shi a yatsa ɗaya, shi kaɗai, ba wanda ya sani. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa Baba ba. Na yage gefen ɗankwalina na ɗaure masa yatsan, muka dawo gida.

Ranar kasuwa Baba ya ɗora shi a jaki suka tafi Hajj Abdalla wurin hakim, ma'aikacin lafiyar da ke duba mutane a ƙaramin asibitin garin, saboda idon da yatsan. Da suka dawo Baba ya zauna a rumfa ya gaya wa Inna abin da aka ce. Hakim ya ba da maganin ido, ya kuma yi wa yaron tambayoyi, ya ce wannan waswasi ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, ba taurin kai ba ne, ba kuma waliyyanci ba. Duka ba ya maganinsa. Fizge abu gaba ɗaya ma ba ya yi, sai dai a rage a hankali, kuma a daina yaba masa a kai. Inna ta sunkuyar da kai da ta ji wannan na ƙarshen.

Baba manomi ne, da abin da ya sani ya auna maganar. A Jazira ba mai buɗe wa gonarsa ruwa yadda ya ga dama. Kowace hawasha da zagayenta, mai gadin ruwa ya buɗe maka, lokacinka ya cika ya rufe, ko ka ƙoshi ko ba ka ƙoshi ba. Ya fito da jan akwatin ya kira Auta.

"Daga yau kai ma da zagayenka. In an sallame la'asar Yayarka za ta ba ka. In inuwar rumfa ta taɓa gindin randa, ka maido mata. Ka ji?"

Auta ya karɓa, ya danna sau biyu da sauri, ya sauke wata irin ajiyar zuciya.

Ni aka naɗa mai gadin ruwa ke nan. Dabarar ta yi rabin aiki. Da safe ya san babu, sai ya tafi makaranta, ya ci abinci, yatsan ya fara warkewa. Amma yamma ta zama mini azaba. Inuwa na matsowa, shi yana ƙara sauri, yana kuskure, yana komawa farko. In ta taɓa randa bai kai Ka'aba yadda yake so ba, sai roƙo, sai kuka, sai ya riƙe mini zani. Wata rana na kama shi yana tura randar da ƙafa don ta yi nisa da inuwa. Dariya ta kama ni, tausayi kuma ya hana ni yin ta.

Na yi alkawari ba zan gaya wa Baba ba, ban yi alkawari a kan Kaka ba. Na same ta tana kaɗi a ɗakinta na zayyana mata komai. Ta fara dariya, ta ce ashe angonta yana sonta haka. Sai dariyar ta tsaya. Ta ajiye mazarin, ta ce in kawo mata shi gobe in an yi la'asar.

Washegari na shimfiɗa musu tabarma a rumfa, na ba shi abin. Kaka ta ce yau da ita za a tafi, kamar ranar farko. Ya kafa ido ya gaya mata Ka'aba, ya danna, ya gaya mata Safa da Marwa, ya danna, ga Mina. Yatsansa ya hau madanni zai wuce, sai ta dafa hannunsa.

"Tsaya, angona. Wane irin miji ne kai? Kullum kana jana da gudu, Makka, Arfa, Madina, duk yamma guda. Ka taɓa jin alhajin da ya gama hajji kafin a sha jabana? Ƙafafuna ba su iyawa. Ni yau Mina nika kwana."

Auta ya zaro ido ya dube ni. Ya gane na faɗa. Na kau da kai ina kallon kaji.

"Kaka, ba a tsayawa a nan."

"Wa ya ce? Tambayi kawunka, kowane alhaji sai ya kwana Mina. Ga tantuna an kafa, ni ko na gaji. Ka ba Yayarka ta ajiye."

"Kaka, in kika..." Ya kasa ƙarasawa.

"In na mutu? Rai na hannun Mai shi, ba shi cikin akwatin roba. Bari mu gani. In gari ya waye ka zo ka tashe ni, mu hau Arfa tare."

Inuwa ba ta ma kai randa ba. Yaron nan ya tsaya da abin a hannu, gumi na keto masa. Kaka ba ta saki hannunsa ba, ba ta kuma fizge ba, tana dai riƙe da shi tana yi masa 'yar waƙar zolaya irin tasu ta da. Ni na ƙosa, ji nake kamar in karɓe in huta, amma ta harare ni da idon nan nata da ba ya gani sosai, na zauna. Da kansa ya miƙo mini. Da ya fara danna yatsa a kan yatsa, sai ta kama hannun ta sa a cikin nata, ta ce wannan ma jan ta ne da gudu, ba ta yarda ba.

Ranar bai ci tuwon dare ba, a ƙofar ɗakinta ya shimfiɗa tabarmarsa. Da asuba ina fitowa da buta na gan shi a tsugune yana leƙa labule. Sai muka ji muryarta daga ciki.

"Wane ne wanga mai leƙen matan mutane? Shigo, ban mutu ba. Amma sauron Mina ya cije ni ƙwarai."

Auta ya yi dariya. Na rantse na manta rabon da in ji dariyarsa, har Inna ta leƙo daga madafa ta ga ko wane ne.

Daga nan hajjin Kaka ya koma hoto ɗaya a yini. Ta yini a Arfa, ta yi kwana biyu a wurin jifa wai duwatsunta ba su ƙare ba, wani lokaci ta ce yau ba ta fita ko'ina, ciwon baya take yi, a bar akwatin a wurina. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai ranakun da yake komawa baya, ya yi kuka, ya sace abin daga ƙarƙashin matashina ya zagaya har ya gaji. Kaka ba ta yi masa faɗa, sai ta ce to an sake sabon hajji, gobe a fara daga farko. A hankali kumatunsa suka dawo. Ya koma bin yara kamun kifi a tur'a. Da aka kawo talabijin na gaske a nadi, yana zuwa ya kalla tare da sa'o'insa, in Baba ya ce a tashi ya tashi. Buta dai har yanzu tana shan wahala a hannunsa, amma ta fara kaiwa salla biyu.

Wannan shekarar ita ce na fi so a duk rayuwata, kuma ban san haka ba sai da ta wuce. Yamma ta yi, rana ta yi sanyi, Baba na wanke ƙafa a bakin randa, Inna na soya bunni, ƙwayar jabana, tsohuwa da yaro suna kan tabarma suna gardama a kan ko raƙumin da ke bayan tantin nan na Mina namiji ne ko mace. Ba abin da ya faru a yammacin nan da za a ba da labari, amma su nake nema in na rufe ido.

Da damina ta gaba zazzaɓi ya kama Kaka. Da ma takan yi shi ta tashi, wannan karon ya ƙi sakinta. Aka kawo magani daga Hajj Abdalla, aka yi rubutu, jiki sai ƙara lafewa yake yi. A lokacin tafiyarsu ta kai Madina, dannawa ɗaya ta rage a koma Ka'aba. Hankalina ya tashi, ba don Kaka kaɗai ba. Na san abin da ke cin yaron nan. In ta tafi alhali bai kai ta ba, abin nan da ke cikin kansa zai ce masa ka gani, kuma ba mai sake raba shi da shi har abada.

Da la'asar ya zo ya tsaya a gabana, ya miƙo hannu. Na ba shi. Na ma so ya danna, wallahi na so, a huta. Ya shiga ɗakinta na bi shi. Tana kwance a kan gadon igiya, ta zama 'yar mitsitsiya. Ya durƙusa.

"Kaka, saura ɗaya. Bari in kai ki."

Ta buɗe ido da ƙyar. "Ina muke?"

"Madina."

"Hwaɗa mini."

Ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya gaya mata koriyar ƙubba, da hasumiya, da sararin sama ba gajimare ko ɗaya. Ta yi murmushi.

"Angona, kai ko ka san mutane nawa suka roƙi Allah su ƙare a wanga gari ba su samu ba? Ni ka kawo ni, sannan ka ce in tashi? Nan nika zama. Kada ka tashe ni, ko mi ya faru. Ka yi mini wanga."

Washegari da hantsi ta cika. Farin yadin nan na ƙasan akwati, likkafani ne ya riga zuwa.

Gida ya cika da masu gaisuwa, ni kuwa idona na kan Auta. Da aka dawo daga maƙabarta na neme shi na rasa, sai can na same shi a bayan garken awaki. Ashe abin yana wurinsa tun jiya, a ruɗe na manta ban karɓa ba. Yana zaune ya riƙe shi da hannu biyu, babban yatsansa a kan madanni. Ban matsa ba. Na tsaya ina jiran in ji ƙas.

Ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu.

"Yaya, yana ce mini ni ne."

Na ce, "Ka ji abin da ta ce da bakinta."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon abin. Sannan ya ɗauke yatsan, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Riƙe a wurinki. In yana hannuna zan tashe ta."

Waswasi bai rabu da ƙanena gaba ɗaya ba, yakan tafi ya dawo, musamman in rayuwa ta matse shi. Amma ya yi karatu daidai gwargwado, ya koma garin Rusairis da zama, ya yi noma da ɗan kasuwanci, ya yi iyali. Bai sake neman jan akwatin ba, ko taɓa shi bai sake yi ba. Sai dai duk zuwan da zai yi wurina, bayan an gaisa an sha jabana, in zai tafi na rako shi bakin hanya, sai ya rage murya kamar yaro, ga furfura a gemu.

"Yaya, tana nan?"

In ce, "Tana nan inda ka bar ta."

Sai ya gyaɗa kai ya hau mota.

Jikan nan nawa an kai shi wurin likita, an kuma yanka masa lokacin wayarsa, in lokacin ya yi nakan je in zauna kusa da shi in ce ya gaya mini abin da yake gani. Ya taɓa binciko jan akwatin a cikin kayana ya ce in bar shi ya danna, na ce ya leƙa dai, ban da dannawa. Robar ta dusashe, koren ya koma kamar ruwan tur'a, ni ma idona ya fara yin irin na Kaka. Auta ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Yanzu ba mai rage murya ya tambaye ni a bakin hanya, amma in la'asar ta yi nakan ɗaga shi wajen haske in duba, in faɗa ko ba mai ji. Tana nan.